Giya a ƙarƙashin sitiyari

Don Eulogio, mai gyaran wayarin mota a unguwarmu da ke birnin El Alto, bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi sai ya leƙa hannunka. Yakan ce mota ba ta ƙarya, masu ita ne maƙaryata.

Wurinsa Doña Primitiva ta tasa ƙeyata, ni da bas ɗinta da nake tuƙawa. Ana cikin tafiya sai allurorin agogon gaban direba su zube, fitilu su kama rawa, injin ya mutu. Ta rantse na cire ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, na sayar a kasuwa na maƙala jabu, in ya tabbata in ajiye mata makulli.

Eulogio ya dube ni sama da ƙasa, ya ce fuskar kam ta ɓarawo ce. Na ce a wurin kawuna na gada, ai abokinsa ne. Bai yi dariya ba.

Ya duba ƙwaƙwalwar, kusoshinta ba wanda ya taɓa su. Bai dai wanke ni ba. Ya ɗora mitar awon lantarki kan wayoyi biyun nan da aka murɗe tare, waɗanda ƙwaƙwalen mota ke gaisawa ta cikinsu. Sittin ya kamata ya gani, sai ga ninki. Ya ce hanya ta yanke a wani wuri, kuma wani ne ya yanke ta. Ni yake kallo.

Ya kwanta ya bi wayar har inda aka yi mata ƙari lokacin da aka mai da sitiyari daga dama zuwa hagu. Mahaɗin, can ƙarƙashin sitiyarin, ya yi kore shar. Ya shinshina, sai warin giya.

“Doña, wa ke shayar da motar nan?”

Ta ce ita ce, duk Juma'ar farkon wata take zuba giya don Uwar Ƙasa, abar bautar kakanninmu, ta tsare hanya. Da can tayoyi take zuba wa. Da ta ɗauke ni aiki, ta ga irin tuƙina, sai ta koma zubawa ƙarƙashin sitiyari.

“To ki koma tayoyi, mama. Wannan yaron giya ba ta gyara shi.”

Ta wurgo mini makulli, ko haƙuri babu. Eulogio ya yanke ruɓaɓɓen, ya murɗe sabuwar waya ya liƙe da dalma. Kafin in fita sai da ya laluba aljihuna.