Yaya Lubabatu, Wadda Ta Hana Ni Gudun Gashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Sha'aban, bayan azahar, ɗanki Jabiru ya kira ni daga Rurum Tsohon Gari, ya ce kin cika. Ciwon dajin da ya fara miki a mama ya bi ƙashi, shi ya zama sanadi.

Yaya Lubabatu, a bencin asibiti muka san juna, muna jiran layin gashi, hasken injin nan da ake yi wa ƙashi don raɗaɗi ya lafa. Na zo daga Unguwar Gai, na tsaya a gefe saboda tsoro. Kika matsa min, kika ce, "Zauna, ƙanwata. Sunan ne kawai mai ban tsoro, ba wuta a ciki."

Abin da nas ta faɗa a gurguje, ke kika maimaita min a motar haya, kan hanyarmu ta komawa gida. Kada in dirje alamar da suka zana min a ƙugu. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da soso, ban da man zafi. In bar ɗaukar tulu, ƙashin ba zai jure ba. Da kika lura zanena yana gogar wurin, kika kawo min tsohuwar atamfarki da wanki ya tausasa.

Da fatar ta yi baƙi, abinci ya fita raina, gajiya ta kwantar da ni, sai na ce na daina zuwa. Maƙwabta ma suna cewa gashi ke ƙarasa mutum. Sai ga ki a ƙofar ɗakina, kina dogara sanda, Jabiru na riƙe da fulas ɗin kunun gyaɗa. Kika zauna bakin katifa da ƙyar, kika ce, "Kurɓa kaɗan, Saudat. Gobe tare za mu tafi." Ashe a lokacin likita ya riga ya gaya miki naki ya kai ƙashin baya. Ba ki ce min komai ba.

Na koma na ƙarasa gashin. Yau a tsaye nake salla, ke kuma kina kwance.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Maigidanki Malam Ishiyaku, da Jabiru da ƙanwarsa Afra'u, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku sa ni cikin waɗanda za a yi wa gaisuwa, ni ma yayata na rasa.