Tafin Doña Eloísa

Duk wanda ya yi firamare a garin Ocotal ya san tafin Doña Eloísa. Ta tsufa tana koya wa yara raba kalma gaɓa-gaɓa da tafi, musamman inda wasula biyu suke maƙwabtaka amma kowanne da ɗakinsa. Da ta yi ritaya sai ta rasa inda za ta sa hannuwanta, ta koma gyara wa mai tallan masara kiransa, har bawan Allah ya sauya layi.

Ana nan ɓarin jikin mijinta Efraín ya shanye, harshensa ya ɗaure. Likita ya ce in bai motsa bakin yanzu ba, maganar ta tafi ke nan.

Tun ranar ba ta ƙara zama ba. Wake na kan wuta, ita tana kewaya kujerarsa tana tafi, tana koya masa faɗin sunanta.

"E-lo-í-sa! Kada ka haɗiye min tsakiyar, tsoho. Da kana neman aurena ai har jan sunan kake yi."

Shi dai ido.

"Ko sunan wata ne ya maƙale maka? Faɗe shi, na yafe, kai dai ka faɗa."

Wata safiya ta matso tana tafa masa a hanci, sai ya miƙa hannunsa mai lafiyar ya cafke nata. Leɓensa ya yi ta rawa.

"Zau-na," in ji shi, "tso-hu-wa."

Nan take ta zube a ƙasa, tana kuka tana zaginsa.