Ban Ci Komai Ba

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin hoton ciki, akwai safiyar wata Laraba da har gobe ba ta fita raina ba, kuma ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ya kamata ku ji labarinta. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Gari, ta wajen Muciya, kullum sai in hau bas daga Samaru in ƙarasa a ƙafa. Ni kaɗai ce mai sikanin a wurin, don haka in na kuskure babu mai gyara mini.

Ga wanda bai san aikin ba, da sauti na'urarmu take gani. Kan na'urar da muke gogawa a cikin mutum yana tura wani siririn sauti da kunne ba ya ji, ya shiga jiki, ya bugi abin da ya tarar, ya dawo, da abin da ya dawo ake zana hoton. Ruwa zalla ba ya maido da komai, shi ya sa yake fitowa baƙi ƙirin. Tsakuwa tana maido da sautin duka, sai ta fito fara fat da inuwa a ƙarƙashinta. Iska kuwa ita ce abokiyar gabarmu, saboda ita muke lafta wa mutane wannan man mai sanyi da yauƙi da suke ta mita a kai.

Majinyacin wani dattijo ne manomi daga wani ƙauye a bayan Shika, Malam Isuhu, da matarsa Inna Habi da ba ta rabuwa da gefen gadonsa. Mako guda kafin nan na duba shi, na ga matsarmamarsa a kumbure, baƙa, da tsakuwoyi kwance a ƙasanta. Dokta Garba, likitan fiɗa da yake zuwa mana ranar Laraba kawai, ya sa ranar cire ta. Ana gobe tiyata nas ta ja masa kunne: daga dare kada ya ci komai. Dalili kuwa, in aka sa mutum barci da abinci a tumbinsa, abincin yana iya tasowa ya faɗa huhu, kuma mutum yana iya tafiya a kan teburin nan take.

Da safe Dokta ya ce in sake dubawa, a tabbatar wata tsakuwa ba ta zame cikin bututun ɗaci ba. Aikin minti kaɗan ne. An riga an tayar da janareta, mai allurar barci, Mista Emeka, ya jera kayansa.

Na ɗora kan na'ura a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, na nemi matsarmama na rasa. Abin da na gani makon jiya cike fal ya koma ɗan siririn layi, a tsuke. Na matsa hagu kaɗan, sai ga wani ƙaton abu a ƙarƙashin hanta, toka-toka da ɗigo-ɗigon fari. Abin da ya fara zuwa raina ƙari ne, ƙarin da idona ya tsallake makon jiya. Sai na zargi na'urar, don ta tsufa, wani lokaci takan yi nata shirmen. Na rage haske, na ƙara zurfi, na ɗora kan a wuyana na ga jijiyata tana bugawa sarai. Na'ura lafiyarta lau.

Na ce, "Baba, juya ka kwanta ta gefen dama."

Yana juyawa, abin ya motsa. Ɗigon farin nan suka yi ta juyawa suna gangarowa, bangon abin ya matse ya saki. Ƙari ba ya haka. Tumbi ne, cike maƙil. Sai ga dalilin tsukewar matsarmamar ma, don in maiƙo ya shiga ciki takan matse ta zubar da ruwanta.

Na ce, "Baba, ka ci wani abu da safen nan?"

Ya ce, "Wallahi, 'yata, tun tuwon jiya bayan magariba ban ci komai ba."

Inna Habi ta karɓe. "Ko ƙwayar gero bai tauna ba. Ni nake kwana da shi, ni zan faɗa miki."

Ana haka Dokta Garba ya leƙo, da hular tiyata a kansa. "Sista Rifkatu, muna jiranki fa."

Na nuna masa allon. Ya duba ya daɗe, ya juya ya tambayi dattijon da kansa. Malam Isuhu ya sake rantsuwa, wannan karon da ɓacin rai. Dokta ya ja ni gefe ya ce, "Kin tabbata? In na ɗaga yau, sai wani makon, kuma kin san yadda ciwon nan yake murƙushe shi. Ba iskar hanji kike gani ba?"

Tambayarsa a kan hanya take. Iska takan yaudari ido, kuma ga dattijo mai furfura yana rantsuwa da Allah. Ni ma ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba, wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Na ce, "Dokta, iska haske take yi ta rufe komai a bayanta. Wannan ina ganin cikinsa, kuma yana gudana. Ba ni minti ɗaya."

Na koma na durƙusa a gefen gadon. Ban san abin da zan tambaya ba, kallonsa kawai nake yi, sai na lura leɓɓansa ba su bushe ba kamar na wanda ya kwana bai sa komai a baki ba.

Na ce, "To Baba, me ka sha?"

Ya ce, "Sha? Ai fura ce kawai."

Inna Habi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, tana mamakin yadda muka tsaya. "Ai cewa aka yi kar ya ci. Mutum zai shiga wuƙa da ciki fayau? Na dama masa da asuba, da nono mai kauri, har man shanu na ɗan sa don ya samu ƙarfi."

Dokta ya cire hularsa, ya ce a kashe janareta. Bai yi wa kowa faɗa ba, don babu wanda ya yi ƙarya. A Hausa ba a cin fura, kamar yadda ba a cin koko ko kunu. Nas ta faɗi abin da muka saba faɗa, su kuma sun kiyaye abin da suka ji, kalma da kalma. Aka mayar da aikin zuwa yamma, Dokta ya soke sauran harkokinsa, kuma sai da na sake dubawa na ga tumbin ya kwanta wayam kafin aka shiga da shi. Ya fito lafiya.

Abin da na koya shi ne na'ura da majinyaci suna iya saɓawa alhali kowa gaskiya yake faɗa, sai ku nemi inda tambayarku ta gaza. Tun daga ranar ba na cewa "kada ka ci" in tsaya nan. Sai na lissafa: fura, koko, kunu, shayi, nono, har ruwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne Inna Habi. Mista Emeka ya zaunar da ita a baranda, da Hausarsa ta Sabon Gari ya bayyana mata abin da zai faru da an sa mijinta barci da safen nan. Ta saurara har ya gama. Can ta buɗe tafukan hannunta a kan cinyarta tana kallonsu, ta ce a hankali, "Da hannuna na dama masa furar nan. Har cewa na yi ya ƙara, ya shanye duka."