Batirin da Baba ya shanya ga rana

"Kwana biyu ina shanya shi ga rana, ɗana, amma caji ya ƙi cika."

Wani dattijo daga Moriki ne ya faɗa mini haka ɗazu a shagona na gyaran waya a Kaura, ya miƙo mini ɗan jirgin sama na rimot da batirinsa. Na gwada batirin da mita. Gida uku gare shi, wato ƙananan batura uku a haɗe, ɗaya ya mutu, shi ya sa caji ke tsayawa. Ga shi rana ta kumbura shi.

Na ce, "Baba, wannan ba batirin rediyo ba ne. In ya sha zafi wuta yake kamawa. Sai dai a sake."

Ya ce, "Marigayi ɗana ya haɗa jirgin da hannu nai. Duba, ga sunanshi nan ga salatif ɗin batirin."

Ni da nake taƙamar babu gyaran da ya gagare ni, sai ga ni na ɗauko sabon batiri. Na ɓare salatif ɗin a hankali, na naɗa wa sabon, na saka shi a jirgin. Farfela ta juya, Baba ya share ido.

Ku da kuka rasa naku, mene ne kuka kasa rabuwa da shi?