Layin Ovide a Jikin Aksul

Ovide Cheramie yakan gaisa da tayar mutum kafin ya gaisa da mutumin. Idan ka jawo tirelar jirginka ka shigo garejinsa da ke bakin rafin nan Bayou Lafourche, kana miƙa masa hannu shi kuwa ya riga ya durƙusa, yana shafa zanen taya kamar mai shafa kan jariri.

"Ta cinye ta ciki," zai ce, bai ko ɗago ba. "Me kake lodawa a jirgin nan, surukarka?"

Idan taya ta cinye ta gefen ciki, ya san nauyi ya lanƙwasa aksul, wato ƙarfen nan da ya ratsa ƙarƙashin tirela ya riƙe ƙafafu biyu. Idan ya shafa zanen ya ji santsi ta nan, kaifi ta can, sai ya zaro igiya daga aljihu ya auna daga bakin tirela zuwa kowace ƙafa, ya nuna maka inda ta karkace. Amma babban abokin gabarsa ruwan gishiri ne. Mutanenmu sukan yi tafiyar awa guda, boris ɗin da taya ke juyawa a kai ya yi zafi, su tura tirela cikin ruwa kai tsaye, su koma gida ba su wanke ta da ruwan famfo ba. Tsatsa sai ta ci aksul ta ciki, waje kuwa fes. Wannan ido ba ya gani. Sai Ovide ya kwanta a ƙasa da ƙaramar gudumarsa, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.

Ɗan masunta ne, amma teku ba ta karɓe shi ba. Ya bar makaranta a aji takwas ya hau jirgin babansa na kamun jatan lande, ya yi sati uku yana amai, aka sauke shi. Ya fi shekara hamsin yana gyaran abin da ke kai jirage ruwa, shi kuwa ƙafarsa na tudu.

Duk tirelar da ya duba ya yarda da ita, yakan ja mata layi guda na fenti ruwan ɗorawa a tsakiyar aksul. Tun daga Larose har Leeville, mai sayen tsohuwar tirela ba ya dogon ciniki. Ya leƙa ƙasa, in ya ga layin, magana ta ƙare. Ovide bai tara dukiya ba. Matarsa Mae ta riga shi tafiya, 'yarsa Odile tana aure a Houma. Layin nan shi ne abin da yake da shi.

Sai kuma Norris Pitre. Tare suka tashi, tare suka sha bulala a makaranta. Norris ne ya riƙe Odile a coci ranar baftismarta, kuma tun shekarar wata babbar guguwa makullin garejin yake hannunsa. Sana'arsa sayen tsofaffin tireloli ya gyaggyara ya sayar. Kullum da hantsi yana zaune a kan bokiti a garejin, yana shan kofin Ovide yana kushe shi.

Cikin watan Afrilu, shekarar da Ovide ya cika saba'in da ɗaya, Norris ya jawo wata tirela.

"Kyaftin na tudu! Fito ka sa wa amarya albarka."

Ovide ya shafa tayoyin, ya ga sababbi ne. Ya shiga ƙasa ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito a dakushe, kamar an bugi ruɓaɓɓiyar kankana.

"Wannan amaryar taka ta girme ni, Norris. Cikinta ya zama gari. Sai an canja aksul."

"Kai dai kunnenka ne ya zama gari. Jiya sau uku na kira ka ka sha miyar gumbo ba ka ji ba."

"Na ji. Gumbonka ne ba na so."

"Ja mata layi mana, mutumina. Wanda zai saya ba nisa zai riƙa yi ba."

"Kawo aksul, in ɗaura maka kyauta. Layi kam babu."

Norris ya yi dariya, ya shanye kofinsa, ya ja abarsa ya tafi. Ovide bai sake tuna zancen ba.

Bayan sati uku, Curtis Billiot, wani mai kamun ƙaguwa, yana gangarowa daga gada sai aksul ɗin tirelarsa ya karye gida biyu. Jirgin ya zame ya daki kwalta ya tsage, ana tsakiyar kakar ƙaguwa. Allah ya kiyaye ba mota a bayansa. Curtis ya ɗauko guntun ƙarfen ya zo ya jefar a ƙofar garejin, a gabanmu, mu huɗu da muke jiran aiki.

"Baba Ovide, layin wa ke nan?"

Ovide ya durƙusa. Fentinsa ne, ba shakka. Amma shi bahago ne, layinsa kullum yakan kwanta hagu. Wannan ya kwanta dama. Ya tambayi Curtis wurin wa ya saya. Da ya ji sunan Norris, sai ya zauna a ƙasa, nan cikin giris.

Ya tarar da Norris a bayan gida yana gyaran kifi.

"Ba ni makullina."

"Haba, Kyaftin. Zauna tukuna."

"Guda nawa ka ja wa layina?"

Norris ya ci gaba da kankare ɓawon kifi. "Ai fenti ne kawai, Ovide. Kai ma kana da tsanani. Rabin waɗanda ka ƙi, suna nan suna yawo lafiya lau."

"Na ce guda nawa?"

"Uku. Ko huɗu. Wa ke ƙirgawa?"

"Tun yaushe?"

"Shekara shida, haka."

Shekara shida yana shan kofinsa. Ovide ya karɓi makullin, ya suɓuce masa ya faɗi a ƙasa, ya sunkuya da bayansa mai ciwo ya ɗauka. Norris bai taya shi ba.

Washegari ya rubuta takarda da manyan baƙaƙe ya liƙa a mashigar jirage: duk mai layin ɗorawa a tirelarsa ya kawo a sake dubawa, kyauta. Bai rubuta dalili ba, bai kira suna ba. Gari kuwa ya samo nasa dalilin. Aka ce tsufa ya kama Ovide, kunne ya tafi, shi ya ja wa Curtis. Ya ji ana faɗa a shagon sayar da ƙanƙara, ya sayi abin da ya kawo shi ya fita. Mu da muka san gaskiya muka roƙe shi ya yi magana. Ya ce in ya faɗa, matar Norris ba za ta iya shiga coci ba, ita kuma ba ta yi masa komai ba.

Duk bazarar nan a kwance ya yi ta. Zafin da ke narka kwalta, sauro, fasasshen ɓawon kawar teku da aka shimfiɗa a ƙasa yana huda masa baya. Waɗanda ba su kawo ba, ya bi su gida. Fiye da tirela ɗari biyu ya shiga ƙarƙashinsu. Ko wacce ya gama, mai kyau da marar kyau, sai ya sa burushin waya ya goge layin tas. Masu tirela suka yi ta gunaguni, don ya rage musu darajar kaya. Ya samu na bogi huɗu, har da ta Curtis, ya canja musu aksul. Jirgin Curtis ma shi ya nemo mai liƙe shi, ya tsaya a kai har aka gama. Ya ɗauka shi ke nan.

Cikin Agusta ya je Houma cin abincin Lahadi wurin Odile. Yana fitowa daga mota ya hango tirela a gefen gida, da ƙaramin jirgi a kai, rigunan ruwan jikokinsa biyu na shanye a jikinta.

"Ta wa ce wannan?"

"Tamu ce, Baba. Tun bara muka saya wurin Kawu Norris. Ya ce kai ka duba ta da kanka, kada mu dame ka da bayanka. Ga ma layinka nan."

Ya shiga ƙasa da kayan cocinsa. Layin ya kwanta dama. Ya ari guduma ya buga sau ɗaya, bakin gudumar ya shige cikin ƙarfen.

Odile ta ce ya fi minti goma bai fito ba. Tana ganin ƙafafunsa kawai, da takalman Lahadi. Da ta durƙusa ta leƙa, ta tarar ya rufe fuska da hannu.

Daga ranar bai ƙara ambaton Norris ba, ko da zagi. Gidajensu na kallon juna, ruwan bayou ne kawai a tsakani. Ya ɗaura wa Odile sabon aksul, ya auna da igiya sau uku, ya cika boris da giris. Ta ce, "Baba, ja min layi mana, na gaske." Ya girgiza kai. Gwangwanin fentin ma ya riga ya ba mai kwasar shara.

Ya rasu cikin Nuwamba, ciwon zuciya ne, a kujerarsa ta gareji da rana tsaka. An cika coci. Curtis Billiot na cikin masu ɗaukar akwatin. Norris ya zo da baƙar kwat, ya nufi layin dangi, Odile ta dube shi sau ɗaya, ya koma can baya ya tsaya. Har yau akwai masu cewa Ovide mutumin kirki ne, kunne ne dai ya ci amanarsa a ƙarshe. Ba kunne ba ne. Ya hana mu faɗa yana raye, mun kuwa yi shiru har mun gaji.

Allah ya ji ƙanka, Ovide. Yanzu in ɗayanmu zai sayi tirela, sai ya kwanta a ƙasa da guduma ya ƙwanƙwasa da kansa. Muna bugawa, ƙarfe na amsawa, mu dubi juna.