Wayar da Na Binne a Bangon Inna

Shekarar da na yi niyyar jawo wuta gidanmu, zafin bazara ya riga ya fara cin ƙarfin Inna. Tun da hantsi za ka same ta a ƙofar ɗaki, ta jiƙa zane ta yafa, tana numfashi da ƙyar. Ni dai burina ta samu fanka.

Gidanmu na ƙasa ne, a cikin Birnin Zinder. Ni kuwa gyaran rediyo nake yi, don haka na ga babu mai koya mini waya. Na sayo kaya, na bi ɗaki-ɗaki na ja da hannuna. Da na gama, Inna ta dubi bangonta ta ce na ɓata mata ɗaki da igiyoyi. Dama lokacin yaɓe ne, sai na sa magina suka bi da laka suka rufe wayar duka, bango ya yi sumul. Har yaba wa kaina na yi ta yi, kaicona.

Sai da na je ofishin wuta neman kontar, wato mitar wuta, aka ce mini sai an duba aikin an ba da takardar shaida tukuna. Na yi ta zarya har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Daga ƙarshe mai dubawa ya zo, wani dattijo mai sanyin magana. Ya gaida Inna, ya tsaya yana kallon bango.

"Malam, ina wayar?"

"Tana ciki, ranka ya daɗe."

"Cikin tiyo ka sa ta?"

Na girgiza kai.

"Ginin ƙasa ne fa. In damina ta jiƙa bango, tsohuwa ta dafa, kuran ɗin lantarki ya ja ta, me za ka ce? Ba na sa hannu kan abin da ban gani ba."

Raina ya ɓaci, na so in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi yi mini ciwo.

Dole na kwashe kayan Inna zuwa rumfar tsakar gida, na ɗauki diga na farfasa yaɓen da na sa aka yi. Na kira mai aikin wuta wanda yake da takarda, ya sake komai cikin tiyon roba. Duk tsananin zafin nan a rumfa Inna ta yi shi, ko sau ɗaya ba ta yi mini ƙorafi ba. Na sake komawa zarya, na gaji har na daina ƙirga ranaku.

Kwana uku da saukar ruwan fari aka kafa kontar. Na shigar da Inna ɗaki, na kunna fanka, na tsaya ina kallon fuskarta. Ta ja mayafi ta rufe kafaɗa.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Amma kashe abin nan, sanyi nake ji."

Na kashe. Inna ba ta ga wata bazarar ba.