Rabin Littafin da Baba Ya Aro a Gwaram

Ranar da aka ga watan azumi, a shekarar da yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya dawo daga Gwaram a kan jaki, ƙanensa na jan akala, shi kuma ya rungume wata tsohuwar gafaka. Rabin littafi ne a ciki. Malamin da ya ara masa haka yake yi: ba ya ba da littafi sukutum, sai ka dawo da rabin farko ya ba ka na biyu.

Ni ce babba a gidanmu na Surko, na kuma yi sauka, don haka ina iya haɗa baƙi da wasali, amma Larabcin ko kalma ba na ji. Baba kuwa yana ji sarai, ido ne babu. Shi ke nan muka haɗa gwiwa. Da hantsi, in na gama surfe na kai wa awaki harawa, sai in shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida. In karanto layi, ya fassara. In na yi tuntuɓe ya ce, "Ke Habi, kin karya wa kalmar nan ƙafa, koma ki ɗauko ta." Ƙawayena na can suna carafke, ko kallo ba su ishe ni ba. Labarin wani bafatake ne da ya bar 'yarsa a goye, ya yi shekara da shekaru yana neman hanyar gida. Wallahi har a bakin turmi tunaninsa nake.

Ana jajiberin salla takardun suka ƙare, daidai inda ayarinsa ya ɓace a cikin rairayi. Na fashe da kuka. Baba ya yi dariya ya ce, "Sauran sai bazara, kafin a fara sharar gona. Za mu kai bafataken nan gida, ni da ke." Aka mayar da rabin farko.

Bazarar ta zo da sanƙarau, ya tafi da Baba. Ba a yi sadakar uku ba sai ga ɗan aike daga Gwaram, bai ji labari ba, yana sallama da fara'a, da gafaka a kafaɗa. Ni na karɓa. Na je gindin tsamiya na karanta da ƙarfi, layi bayan layi, ina tsayawa inda Baba ya saba karɓa. Har na kai ƙarshe babu abin da na gane.

Yanzu ni ma ido ya tafi, gidana kuwa cike yake da jikoki masu jin Larabci. Sun sha cewa za su nemo littafin su fassara mini. Nakan ce su bari. Ba a bakinsu nake son ji ba, kuma har yau ban san ko mutumin nan ya ga 'yarsa ba.